Gorar Baƙin Mai a Gindin Darbejiya

A gindin darbejiyar da bakanikena ya kafa rumfarsa akwai wata gorar ruwa ta roba, an ɗaure wuyanta da waya an rataye ta a jikin ƙusa. An huda murfinta, an ɗura mata baƙin man da aka juye daga injin wani bawan Allah da ya zo canjin mai. Gorar ba ta da mai ita. Ɗan achaɓa zai ci birki a bakin rumfar, ko kashe mashin bai yi ba, ya miƙa hannu ya zaro ta, ya tsiyaya wa sarƙarsa, ya mayar da ita mazauninta, ya ɗaga wa masu rumfa hannu ya ƙara gaba. Babu mai ce masa kawo ko sisi. Matsayinta ɗaya da randar da ake ajiyewa a ƙofar gida don masu wucewa. Na ga 'yar'uwarta a rumfunan Zariya da Gusau, na gan ta a wurin 'yan kabu-kabu a Maraɗi, kuma ko'ina ka duba ƙasan da ke ƙarƙashinta baƙi ne ƙirin, ko tsiro ba ya fita.

Shekara da shekaru ni ma a wannan randa babur ɗina yake sha. Lissafi ne ya sa na fara yi mata kallon tsanaki. Cikin shekara biyu na sayi sarƙa uku, alhali tafiyata ba ta wuce gida da wurin aiki, sai gona ranar Asabar. Maƙwabcina kuwa, wani dattijo tsohon malamin makaranta mai babur irin nawa, ban taɓa ganin ya dawo daga kasuwa da kwalin sarƙa ba. Wata la'asar na same shi a ƙofar gida na ce, "Baba, don Allah wane irin mai kake sa wa sarƙarka?" Ya dube ni ya yi dariya ya ce, "Kai dai ka tambaye ni wane irin tsumma nake sa mata."

Ban gane ba a lokacin, na ɗauka ba'a ce irin ta tsofaffi. Sai wata rana ina tsugune a rumfar ina jiran a yi mini faci, na tsinci guntun tsohuwar sarƙa da aka jefar, cen kamar yadda 'yan rumfa suke cewa, na goge shi ina jujjuyawa a hannu. Gaɓa ɗaya, ashe abu huɗu aka harhaɗa. Akwai 'yan ƙarafan gefe masu siffar gyaɗa mai ƙwaya biyu, na ciki da na waje. Akwai 'yar ƙusa da ta ratsa su. Akwai ɗan bututun da ƙusar take juyawa a cikinsa. Sai zobe a kan bututun, shi ne yake hawa haƙoran faranti. Tsarin ya daɗe. Wani injiniya ɗan asalin Suwizalan mai suna Hans Renold ne ya fito da shi a Manchesta ta Ingila a 1880, tun ba a san babur a kan titi ba, kuma abin da ke ƙarƙashin Boxer ɗin da ya wuce ka yanzu da buhun masara biyu bai bar wannan tsari ba.

Inda ake shan wuya shi ne tsakanin ƙusar nan da bututunta. Ƙarfin inji, da nauyinka, da na buhun da ka ɗaure a baya, duk ta nan suke bi, ta wani ɗan sarari da ƙyar silin gashi zai shiga. Kowace gaɓa tana lanƙwasa idan ta hau faranti, ta miƙe idan ta sauka, a na gaba da na baya, kuma idan kana gudun kilomita 60 sarƙar tana kammala zagaye wajen sau uku a kowace daƙiƙa. Nan ne ake son mai ya kai, inda ido ba ya gani. Wanda muke gani yana sheƙi a waje, muna jin daɗi muna cewa sarƙa ta sha mai, mafi yawansa bai yi aikin komai ba sai jiran ƙura.

Muna cewa sarƙa ta miƙe, ko ta saki, kamar danƙo ce aka ja. Ƙarfen ba ya talewa haka, cinyewa yake yi. A ce sarƙarka gaɓa 118 ce, irin wadda tsakanin ƙusa da ƙusa milimita 12.7 ne, tsawonta ke nan wajen mita ɗaya da rabi. Idan kowace mahaɗa ta cinye da rubu'in milimita kawai, abin da farcenka ma ba zai ji ba, sarƙar ta ƙara kusan santimita uku. A nan aikinta ya zo ƙarshe, don gaɓoɓinta sun daina zama daidai a tsakanin haƙora, sun koma hawa kansu suna gwaguya. Idan ka ga haƙoran faranti sun karkace sun yi tsini kamar farcen shaho, to labarin ke nan.

Mai cin ƙarfen kuwa ba baƙo ba ne, ƙasarmu ce. Ƙwayar yashi ta fi ƙarfen sarƙa tauri, ko da an yi masa wuta an ƙara masa ƙarfi a masana'anta, kuma duk wanda ya taɓa ganin an wasa wuƙa a kan dutse ya ga yadda abin yake. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris hunturu yana kawo mana ƙurar da ta fi garin tuwo laushi. Da yawanta daga arewacin Chadi take tasowa, daga kwarin Bodele da ke kudu da duwatsun Tibesti, wanda a da can gindin wani ƙaton tafki ne da ya ƙafe. Masu nazarin iska suna lissafa shi a matsayin wurin da ya fi ko'ina a duniya tayar da ƙura, har wadda take tsallake teku ta sauka a dajin Amazon. Mu da muke bakin hanyarta, ita ce muke sharewa a kan tabarma da safe. A kan wannan kuma sai a ƙara ta gida, jar ƙasar hanyar ƙauye da rairayin da tayar gaba take watsa wa sarƙa kai tsaye. Tun da aka hana achaɓa ɗaukar fasinja a cikin birnin Kano a farkon 2013, ƙarfin sana'ar a jihar ya koma ƙananan garuruwa da ƙauyuka, inda kwalta take ƙarewa a bakin tasha.

To haɗa wannan ƙura da mai. Bakanike idan zai zaunar da bawul a kan inji, wani ɗan kwaɓi yake shafawa, garin dutse mai tauri da aka dama da maiƙo, ya yi ta murzawa har ƙarfe ya cinye ƙarfe su daidaita. Abin da yake saye a ɗan gwangwani da kuɗinsa, mu shi muke haɗa wa sarƙarmu kyauta duk safiya: ga tsohuwar ƙura a maƙale, mu zuba sabon mai a kanta ya dama ta, ya kuma ɗauke ta ya kai ta ciki. Ranar da na gane haka na gane tsumman maƙwabcina.

Kada dai a ce na ci mutuncin gorar. Da babu gara ba daɗi. Sarƙar da ta bushe ƙayau, ta yi ja da tsatsa, tana tsuwa kamar 'yan tsaki, ta fi wadda aka zuba wa baƙin mai saurin mutuwa, kuma mutumin da yake neman na cefane da na balas ba za ka tsaya yi masa huɗuba a kan abin da ya samu a banza ba. Amma a san abin da ke ciki. Man da ya gama aiki a inji ya kwaso toka da ƙunar konewa, da ɓurɓushin ƙarfen da inji ya ci, da ɗan fetur da ya zurara ya tsinka shi. Don ya gaji ne aka juye shi. Ga shi tsararo, da ka ja totur sai sarƙa ta yi wurgi da shi, rabi a kan wili, rabi a ƙafar wandonka, wani lokaci har a gefen taya, wurin da ba a son santsi ko kaɗan idan an zo kwana. Masana'antun mai da na ababen hawa sukan yi gargaɗin kada a bar tsohon man inji yana daɗewa a fata, don an ga yana jawo ciwon daji a fatar dabbobin da aka yi gwaji da su. Duk sanda na ga hannun yaran rumfa, baƙi har gwiwar hannu, suna cin rogo da shi, sai wannan gargaɗi ya faɗo mini.

Wasu kuma giris suka yarda da shi. Hujjarsu ita ce yana da kauri, ba ya zuba. Haka ne, amma kaurin da ya hana shi zuba shi ya hana shi shiga. Sai ya zauna a waje kamar kwalliya, ƙura ta same shi ta manne, bayan kwana uku ka ga sarƙa ta yi kitse ta koma kamar an tsoma ta a kwaɓin gini, cikinta kuwa a bushe. Masu babura na da a Ingila sun san wannan, shi ya sa ake sayar musu da giris a faffaɗan gwangwani, su kwance sarƙar su wanke, su ɗora gwangwanin a kan wuta har giris ya narke ya zama ruwa, su nutsa ta a ciki ya ratsa kowace mahaɗa, sannan su rataye ta ta tsane. Dabara ce mai kyau, kuma da kurfoti da tsohon gwangwanin madara ana iya yin ta a tsakar gida, idan uwargida ta yarda da warin. Man gyaɗa da manja kuwa a bar wa miya. Na ga mai keke ya sa, bayan 'yan kwanaki ya daskare ya yi danƙo, gaɓoɓi suka riƙe.

Kafin a je ga abin da ya dace, sai mutum ya san irin sarƙar da yake da ita, don iri biyu ne, kuma abin da ɗaya take so yana iya kashe ɗayar. Akwai ta gama-gari, ƙarfe zalla, ita ce a kan yawancin ƙananan baburanmu. Akwai kuma wadda ta yaɗu tun shekarun 1970, wadda aka cusa wa giris a ciki tun daga masana'anta, aka toshe kowace ƙusa da ɗan zoben roba dama da hagu don kada ya fita, kada kuma ƙura ta shiga. Ana samun ta a manyan babura da wasu sababbin da ake shigowa da su. Ganewa ba wuya: ka leƙa tsakanin ƙarfen gefe na ciki da na waje, idan ka ga ɗan baƙin zobe a matse a tsakani, ita ce. Wannan rayuwarta tana hannun robar nan. Man da ake sa mata don robar ta zauna da laushi ne, da zoben da ke hawa haƙora, da kuma tsatsa. Ba a dafa ta a giris, ba a goge ta da buroshin waya, ba a kusantar ta da man birki, kuma ba a wanke ta da fetur, don fetur yana kumbura robar, ya silale ta bayanta ya narkar da giris ɗin da babu hanyar mayar da shi. Garin neman gira sai a rasa ido.

Nan ne maganar wanki take da ɗan ciwo. Littattafan da ake haɗo babura da su, waɗanda yawancinmu muke jefarwa tare da kwali, da yawa kananzir suke cewa a wanke sarƙa da shi, don yana narkar da tsohon maiƙo bai kuma cika taɓa roba ba. Amma wanda ya rubuta haka bai zo kasuwarmu ba. Kananzir da a da ake saye da canjin cefane a zuba a fitila da risho, yau ya fi fetur tsada, a wasu garuruwan ma sai an yi cigiya. Shi ya sa bakanike yake zare tiyon tankinka ya tsiyayi fetur a murfin gwangwani, ya wanke maka da naka. Ga sarƙa ta gama-gari wannan bai yi mata komai ba, in dai an sa mai nan take, don fetur yana barin ƙarfe tsirara. Hatsarinsa wuta ce, a rumfar da mai walda yake gefe, mai sigari yake kan benci. Man gas ma yana wanki, ya kuma fi fetur haƙuri da wuta. Kuma abin da ake bukata bai kai yadda ake zato ba, rabin ƙaramin gwangwanin tumatir da tsohon buroshin haƙori sun isa.

Masu wankin mota da babur na bakin titi su ma suna da nasu kason. Injin da yake feso ruwa da ƙarfi yana sa babur ya fito fes kamar ango, amma idan yaro ya saita bakin tiyon a kan sarƙa, ruwa da kumfar garin sabulu suna shiga inda mai ya kamata ya zauna, har ta bayan zoben roba. Washegari sai ka ga jan tsatsa ya fito a gaɓoɓi. Da damina ma haka, duk ranar da ka keta ruwa ko taɓo, ranar sarƙa take neman mai, ba sai ranar da aka saba ba.

Abin da na samu a hannun maƙwabcina wata 'yar kwalba ce ta man giya. Giyar mota nake nufi, kada mai karatu ya yi salati. Shi ne man nan mai kauri da ake zuba wa akwatin giya da na bayan mota, mai lamba 80 ko 90, mai warin farar wuta. Warin daga sinadaran da aka sa masa yake, waɗanda suke hana ƙarfe cin ƙarfe idan an matse su da ƙarfi, kuma matsi shi ne rayuwar ƙusar sarƙa. Kaurinsa ya tsaya a tsakiya: ya isa ya silala ya shiga mahaɗa, bai kuma yi tsararon da za a yi wurgi da shi tun kafin a fita layi ba. Wannan ba hikimar tsoho kaɗai ba ce, littattafan baburan Honda da dama shi suke ambata. Ba ya cutar da zoben roba. Lita ɗaya kuma, a yadda dattijon nan yake ɗiga shi, za ta ga yaye da auren fari.

Akwai kuma na gwangwanin feshi, waɗanda suka ƙara yawa a kantuna tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, ma'aikata da yawa suka jingine mota suka koma babur da aljihu irin na mai mota. Dabararsu tana da kyau. Man yana fitowa tsararo don an haɗa shi da wani ruwa mai saurin bushewa, ya ratsa ciki, ruwan ya tashi ya bar maiƙon a can. Sai dai su ma kala biyu ne. Akwai mai danƙo, wanda idan ka taɓa shi yana yin zare a yatsa. An yi shi ne don ƙasashen da ruwan sama yake wanke titi kullum, kuma da damina yana da rana a nan ma, amma da rani tarkon ƙura ne, giris ne da ya yi karatun boko. Akwai mai bushewa ya bar wani fari-farin kaki a jikin ƙarfe, wanda ƙura ba ta cika kama shi ba. Wanda zai kashe kuɗinsa a gwangwani a wannan ƙasa tamu, wannan na biyun zan nuna masa, ya kuma duba ko an rubuta ya dace da sarƙa mai zoben roba idan irin ta ce da shi. WD-40 da ake gani a kowane shago kuwa, asalinsa a San Diyego ta Amurka aka haɗa shi a 1953 don korar danshi daga jikin ƙarfe, sunan ma abin da yake nufi ke nan. Yana kwance noti mai tsatsa, yana wanki, yana korar ruwa bayan an keta kududdufi, amma ya yi tsararo da yawa a bar wa sarƙa shi kaɗai.

Yadda dattijon yake yi kuwa babu wani asiri. Da yamma yake yi, idan ya dawo sarƙa da ɗuminta, don mai ya fi shiga ƙarfe mai ɗumi, ya kuma samu dare guda ya zauna. Sai ya kafe babur a kan ƙafarsa ta tsakiya, tayar baya ta tashi, ya kashe inji ya zare makulli. Yana juya tayar da hannu yana goge sarƙar da tsumma har baƙin ya ragu. Sannan ya ɗiga mai da gashin kaza a layin ƙasa, ta gefen da yake haɗuwa da haƙora, don idan ta juya gudu ya tura man ya ratsa gaɓoɓi zuwa waje. Ya juya taya sau da yawa. Sai ya sake ɗaukar tsumma ya goge duk abin da ya rage a waje, har sarƙar ta zama kamar ba a sa mata komai ba. Wannan gugar ta ƙarshe ita ce ban taɓa ganin an yi a gindin darbejiya ba. Masu ƙera ƙananan babura sukan ce a yi haka duk bayan kamar kilomita 500. Shi agogon mashin ɗinsa ya daɗe da mutuwa, ranar Juma'a yake yi, da hunturu kuma ya ƙara da Talata.

Zare makullin nan ba tsoro ba ne na tsufa. Akwai masu ɗora babur a kan ƙafar tsakiya, su tayar da inji su sa giya, taya tana juyawa su kawo tsumma. Sarƙa ta kama tsumma, tsumma ya ja yatsa, faranti ya gama aiki. Duk tsohon bakanike ya san wani mai yatsa huɗu da rabi.

Amma abin da ya fi kowane mai da kowane gwangwani amfani, da shi babur yake zuwa daga kamfani, mu kuma shi muke fara cirewa. Murfin sarƙa nake nufi. A shekarun 1970 injiniyoyin Honda sun zagaya ƙasashen kudu maso gabashin Asiya suna duba yadda talakawa suke riƙe babur, suka tarar ana lodi fiye da ƙima, ana bin ƙura, ba a zuwa wurin gyara sai abu ya tsaya cak. Maimakon su yi wa mutane wa'azi sai suka ƙera babur da zai jure halinsu, CG125, wanda ya fito a 1975, kuma cikin abin da suka yi masa har da rufe sarƙar ruf a cikin akwatin ƙarfe. Injinsa shi ne kakan da yawa daga cikin baburan Chaina da suka cika kasuwanninmu, Boxer na Bajaj daga Indiya shi ma da cikakken murfinsa yake zuwa, da 'yar taga mai toshiyar roba ta leƙa sarƙa da ɗiga mai. A cikin wannan akwati ƙura kaɗan ce take shiga, mai yana daɗewa, sarƙa ta gama-gari tana yin tsawon ran da ba ta yi a fili.

Sai a ce yana ƙara. Gaskiya yana yi, ƙwal-ƙwal duk ramin da aka faɗa, amma ba murfin ne yake kuka ba, sarƙa ce ta saki take dukansa, tana cewa a zo a ɗaure ni. Sai mu cire mai faɗa mana gaskiya mu jefa bayan rumfa. Samari kuma suna cewa babur ya fi kyau tsirara. Leƙa bayan kowace rumfar gyara ka ga murafen da aka tara, ƙasa-ƙasan musamman, suna jiran 'yan gwangwan. Bayan ƙura ma, ai mu mutanen babbar riga ne da zane da dogon hijabi. Wanda ya taɓa ganin gefen hijabi ya shiga tsakanin sarƙa da faranti ya fizgo mace daga kan babur, ba zai ƙara kiran murfin nan kayan nauyi ba.

Ɗaurin ma ana wuce gona da iri. Wanda ƙarar ta dama sai ya ce a ja masa ita ta yi tsam kamar tsirkiyar baka. Ana so a bar mata ɗan wasa, kamar santimita biyu zuwa uku idan ka ɗaga ta da yatsa a tsakiyar layin ƙasa, don idan aka hau aka yi lodi, shoka ta nutse, sarƙa ƙara tsauri take yi. Wadda aka ja ta ƙure tana cin kanta, ta ci boris ɗin da ke bayan ƙaramin faranti, gyaran da sai an buɗe inji. Idan kuma wurin ja ya ƙare, sai a ce a yanke gaɓa. Yankewa tana rage tsawo, ba ta mayar da ƙarfen da ya cinye. Ka kama sarƙar a can bayan babban faranti ka ja ta baya, idan ta ɗago har ka ga rabin haƙori, kuɗin yanka asara ne. A nan sai sabuwa, ita da farantanta biyu tare, don tsohon haƙori yana koya wa sabuwar sarƙa halinsa cikin 'yan makonni. Ƙaramin na gaba shi ya fi shan wahala, idan haƙoransa 14 ne na baya 42, yana juyawa sau uku kafin na baya ya yi ɗaya, ga shi a ɓoye ba mai leƙa shi. A wurin saye kuma a duba lambar da aka buga a jikin ƙarafan gefe, 420 ko 428 a yawancin namu. Tazarar gaɓarsu ɗaya ce, faɗin ciki ne ya bambanta, kuma mai harafin H a ƙarshe ƙarafan gefenta sun fi kauri, ta fi dacewa da mai lodi. Sunan da ke jikin kwali kuwa, ko na Japan ne, a kasuwar da ake buga kwali daban a zuba kaya daban, ba shi zai ja babur ba.

Yanzu na koyi wani abu da nake yi don nishaɗi idan ina zaune a tasha. Ina duban sarƙa in ƙiyasta ko babur na mai tuƙa shi ne. Wanda yake kai balas ga maigida kowace yamma, sarƙarsa ko dai ja ce da tsatsa ko tana ɗigar baƙin mai, murfi kuwa babu. Wanda yake biya kaɗan-kaɗan har mashin ya zama nasa, da biyan ya kusa ƙarewa sai ka ga tsumma ya bayyana a maƙale a ƙarƙashin kujera. Ba kullum nake cin gari ba, amma cina ya fi faɗuwata yawa.

Ni dai na nemo murfina a bayan rumfa, ko nawa ne ko na wani Allah masani, aka buga shi ya miƙe aka mayar. Na sayi kwalbar man giya, na yanka tsohuwar singileti gida huɗu. Wata bakwai ke nan ban ce a ja mini sarƙa ba sai sau ɗaya.

Ran nan fulogi ya dame ni, na kai babur gindin darbejiya, na bar shi na shiga masallaci la'asar. Ina fitowa na tarar da ƙaramin yaron rumfar a tsugune, ya cire toshiyar tagar murfin, ya zura bakin gorar yana matsawa da hannu biyu yana juya taya da ƙafa, baƙin mai har yana ɗiga ta ƙasan akwatin. Ya ɗago yana murmushi ya ce, "Baba, na leƙa na ga cen ɗinka a bushe, ko ɗigon mai babu. Na sa maka, kyauta ne." Na ce, "Allah ya yi maka albarka." Na ba shi na ƙosai, na hau, na biya ta wurin mai kananzir.